Jinginar gona ba ta komawa ciniki don an daɗe: amsa ga mai neman fansar gonar mahaifinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Shekara 13 da suka wuce mahaifinmu ya jinginar wa wani Alhaji maƙwabcinmu gonarsa ta tudu a kan naira 80,000, ya yi wa yayarmu kayan ɗaki. Ba a yi takarda ba. Yau shekara 6 da rasuwarsa. Bana muka harhaɗa kuɗin muka kai, Alhaji ya ƙi karɓa. A gaban Dagaci ya ce kuɗinsa na wancan lokacin ba na yanzu ba ne, sai mun ba shi 700,000. Bayan mako biyu kuma ya juya ya ce ai sayen gonar ya yi. Raina ya ɓaci, na ce masa ɓarawo a kasuwar Gujungu, na kuma maimaita a saƙon murya a zaurenmu na WhatsApp. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, da ba su same ni ba suka tafi da ƙanena ya kwana biyu. Yanzu yana cewa zai maka ni a kotu kan ɓata suna. Gonar ta tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Malam, gonar ba ta tafi ba. Amma ba zan rufe ka ba, ƙafarta ɗaya tana waje, kuma abin da zai dawo da ita shi ne bakin mutanen da suka ji abin da aka ƙulla ranar da aka ƙirga kuɗin nan. Magana uku ka ɗaure mini a ƙunshi ɗaya: gona, bashi, da kalmar da ta suɓuce maka a kasuwa. Kotu ba za ta haɗa su ba. Kai ma ka warware su, don na ga Alhaji ya fi ka gane cewa ta ukun ce kaɗai yake da galaba a kanta, shi ya sa yake janyo ka can.

Mu fara da gonar. Abin da muke kira jingina shi ne rahanu a littattafan fiƙihu. Kayan jingina tabbaci ne na bashi, mallakarsu tana nan wurin mai su. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya ce jingina ba ta kulluwa, kuma Malik ya yi bayaninsa da cewa ko da an gindaya sharaɗi tun farko, "in ban biya ba zuwa lokaci kaza kayan sun zama naka", wannan sharaɗin ɓatacce ne. Iyakar haƙƙin mai bin bashi, in lokaci ya yi ba a biya shi ba, ya kai wa alƙali, a sayar da kayan, a cire masa kuɗinsa, a mayar wa mai kaya ragowar. Al'adarmu ma haka take, manyan kotunan ƙasar nan kuma sun daɗe da tabbatar da ita: gonar jingina ana fansarta ko bayan shekara nawa, in mai ita ya rasu magadansa su fanshe ta. To in dai jingina ce, ba ku makara ba.

Wannan "in dai" ɗin shi ne duk shari'ar.

Akwai abin da alƙalanmu ke kira hauzi, kuma nan ne nake so ka tsaya ka fahimta sosai, don a nan na ga gonaki da yawa sun salwanta. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Jigawa ke hukunci da ita, in bare ya riƙe gona shekara 10 yana nomawa yana yin yadda ya so da ita, mai ita yana gari, yana gani, baligi ne mai hankali, ba abin da ya hana shi magana amma ya yi shiru, to in ya tashi daga baya ya ce tasa ce ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin 'yan'uwa wa'adin ya kai shekara 40, saboda kunya da kawaicin zumunci. Tuhfatul Hukkam, littafin da da wuya ka shiga ofishin alƙali ba ka gan shi a kan tebur ba, ya ƙara da cewa in mai riƙon ya ce saye ya yi, ana karɓar maganarsa tare da rantsuwarsa. Ka ga dalilin da ya sa Alhaji ya sauya baki cikin mako biyu. Ko shi ya sani ko wani ya raɗa masa, shekara 13 ta haura 10, kuma kalmar "saya na yi" ita ce mabuɗin hauzi.

Sai dai littafin da ya ba shi wannan mabuɗi shi ya kuma toshe ƙofar. Hauzi ba ya aiki in aka tabbatar da cewa asalin shigarsa gonar ta hanyar haya ce, ko aro, ko abin da ya yi kama da su, jingina kuwa tana ciki. Dalilin a fili yake: wanda ya jinginar da gonarsa don me zai riƙa ɗaga murya duk damina? Shi ya ba da izini, shirunsa ba sallamawa ba ne. Saboda haka nauyin yana wuyanku. Ku za ku kawo hujjar cewa jingina aka yi. In kun kawo, shekara 13 ba ta da wani tasiri. In kun kasa, za a miƙa wa Alhaji Alƙur'ani, in ya rantse ya tafi da gona, sauran kuma tsakaninsa da Ubangijinsa. In akwai zumunta ko surukuta tsakaninku da shi, ka faɗa wa alƙali tun zaman farko. Haka nan in cikin magada akwai wanda yake ƙaramin yaro ko ba ya gari a tsawon shekarun nan, a ambata, don ba a ƙirga shiru a kan yaro ko wanda ba ya nan.

Yanzu ga abin da ya faranta mini rai a tambayarka, kai kuma ka wuce shi kamar ba komai ba: zaman da aka yi a gaban Dagaci. Wanda ya sayi gona ba ya cewa "kuɗina na wancan lokacin ba na yanzu ba ne". Cewa yake yi "gonata ce, ba ta sayarwa ba ce". Mai ƙorafin darajar kuɗinsa ta zube yana faɗa da bakinsa cewa kuɗi yake bi. A shari'a wannan iƙirari ne, kuma iƙirarin mutum a kan kansa ya fi shaidu ƙarfi, ba a kuma yarda ya janye shi a haƙƙin ɗan'adam don ya ga zai cutu. Amma lauyansa, in ya ɗauka, zai ce 700,000 ɗin farashin da zai sake sayar muku da gonar ne, ba fansa ba. Don haka ainihin kalmomin da ya furta su ne dukiyarku. Su wa ke zaune a zauren? Liman yana nan? Mai Unguwa fa? Ka je wurin kowannensu shi kaɗai, da ladabi, ka tambaye shi me ya ji. Kada ka sa masa magana a baki. Na sha ganin shaida ya tashi a kotu yana rera abin da aka haddasa masa, tambaya biyu aka yi masa ya rikice, ya ja gaskiyar da ke tare da shi suka faɗi tare.

Shaidun da alƙali zai karɓa a maganar dukiya: maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko kuma, a Malikiyya, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. Wannan na ƙarshen ya ceci mutane da yawa a karkara. Amma ka sani, mahaifiyarku da yayarku da ƙanenka ba za su yi shaida ba, domin magada ne, duk wanda zai ci daga gonar shaidarsa janyo wa kai amfani ce. Wanda kuma ke da sananniyar gaba da Alhaji, za a soke shi ranar da aka ba Alhaji damar suka. Kuma "ai duk gari ya sani" ba shaida ba ce. Alƙali zai tambayi mutum: kana wurin? Me ka gani, me ka ji? Ku nemi wanda ya raka mahaifinku karɓo kuɗin, ko maƙwabtan gona na gabas da yamma da kudu da arewa, ko wanda Alhaji ya taɓa cewa a gabansa "gonar nan ta jingina". Sau da yawa irin wannan maganar tana fitowa a wurin da ba a zata ba, wajen rabon taki, ko ranar da wani ya zo taya gonar Alhaji ya ce ba tasa ba ce tukuna.

Akwai kuma alamomin da ba su kai shaida ba amma suna karkatar da zuciyar alƙali. Ciniki a ƙauye ba ya ɓuya. Ina takardar da Mai Unguwa ko Dagaci ya sa wa hannu? Wane dillali ya ci la'ada? Wa ya zaga iyaka da su, daga gindin kuka zuwa layin gamba? Nawa ake sayar da gona irin wannan a shekarar, 80,000 ta yi kusa da kuɗinta ko rabi ma ba ta kai ba? Itatuwan da ke ciki, ɗorawa ko mangwaro, wa ke ɗiban 'ya'yansu duk shekarun nan? In gidanku ne ke kaɗe ɗorawar har bara, wannan magana ce babba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ma, a sashe na 21, ta ce ba a sayar da ƙasar karkara ko jinginar da ita sai da amincewar ƙaramar hukuma. Gaskiya kusan ba mai bin wannan a ƙauye, kuma ba zan so ka rataya shari'arka a kansa ba, tunda jinginar taku ma ba ta bi ta can ba.

Sai kuɗin. Bashin da ke kan mahaifinku 80,000 ne. Mashahurin zance a mazhaba shi ne wanda ya ranci kuɗi adadinsu zai mayar, darajarsu ta hau ko ta sauka, muddin ana ciniki da su. Da buhun gero goma ya ranta, da buhu goma za ku auna ko nawa ya kai yau. Naira ya ranta, naira za ku biya. Ba na cewa ƙorafin Alhaji wofi ne. Duk wanda ya je kasuwa ya san abin da 80,000 ke saya a da ba ta sayen kwatansa yanzu. Amma shi ma a tambaye shi: damina 13 wa ya kwashe geron da waken da karan? Ka zauna da alƙalami ka lissafa dami nawa gonar ke bayarwa, ko nawa ake ba da hayar irinta a shekara, ka ninka sau 13. A ƙa'idar fiƙihu amfanin kayan jingina na mai kayan ne, bashin da ya janyo wa mai ba da shi amfani kuma riba ne. Malikiyya sun yarda mai riƙon jingina ya ci amfaninta ne kawai in bashin daga ciniki ya taso, aka kuma yanka wa'adi sananne, ba a rancen kuɗi ba. Shi ya sa malamai suka daɗe suna faɗa da irin jinginar da muke yi, ko da yake talauci da bikin 'ya'ya mata sun fi wa'azi ƙarfi.

Kuna da ikon ɗaga maganar amfanin gonar a kotu. Ra'ayina, kada ku mai da ita abin nema, ku riƙe ta a matsayin ma'auni. In ya ce kuɗinsa sun lalace, ku ce gonarmu ta biya ka. A nan sulhu yake samun wurin zama. Kuma ba laifi ba ne ku ɗora masa wani abu a kan 80,000 don kyautatawa, in ba sharaɗi aka mai da shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi. Mutumin nan, duk abin da ya yi daga baya, shi ya fitar da mahaifinku kunya ranar da za a kai yayarku ɗaki. Ƙarin da za ku yi masa da hannunku zai yi wuya ya kai abin da kuɗin mota zuwa kotu da abincin shaidu da ranakun aikin gona da za ku rasa za su ci.

Abu ɗaya kafin ka je ko'ina: gonar ba taka ba ce kai kaɗai. Gado ce, kuma bashi ana fitar da shi kafin rabo. Ku zauna da mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata da maza, su wakilta ka a rubuce, a kuma rubuta wa ya kawo nawa cikin kuɗin fansa. Wanda ya biya shi kaɗai bai mallaki gonar ba, kuɗinsa yake bin gado. Na ga gidan da suka ci shari'ar jingina da bare, shekara ba ta zagayo ba suka dawo kotun nan suna shari'a da juna.

Maganar 'yan sanda gajeriya ce. Rikicin gona da bashi ba aikinsu ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ɗaukar ƙanenka don ba a same ka ba saɓa doka ne ƙarara, beli kuma kyauta ne. Tsarin mulki, sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Yana da damar neman haƙƙinsa a Babbar Kotun Jiha. Amma kai kada ka ɓuya. In sun gayyace ka, ka je da wani dattijo ko lauya. Kuma kada ka kuskura ka shiga gonar da garma ko ka tura shanu ko ka cire shuka kafin hukunci. Ranar da ka yi haka ka ba su abin da ba su da shi yanzu, wato laifin kutse da ɓarna.

To, sai bakinka. Nan kam, Malam, ka yi kuskure, kuma gara ka ji daga gare ni. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, wato kundin laifuffuka na jihohin Arewa, sashe na 391 ya bayyana shi, na 392 ya tanadi ɗauri har shekara 2, ko tara, ko duka biyun. A kotun shari'ar Musulunci zagi irin wannan ta'aziri ne, alƙali ya hukunta gwargwadon abin da ya gani. Bayan haka yana iya neman diyya. Za ka ce ai gaskiya ka faɗa. A doka sata ɗaukar abin da ake iya ɗagawa ne daga hannun mai shi ba da yardarsa ba. Gonar nan mahaifinku ne ya damƙa masa da hannunsa. Ko ka ci shari'ar jingina gobe, ba ka tabbatar da cewa shi ɓarawo ne ba. Da a gaban Dagaci ko alƙali ka kai kukanka da kyakkyawar niyya, ka ce ya riƙe muku gona ba bisa haƙƙi ba, doka ta kare ka, don kai ƙara wurin mai iko ba ɓata suna ba ne. Tsakiyar kasuwa ba wurin mai iko ba ce. Saƙon muryar kuma ya fi na kasuwar muni, domin na kasuwa iska ta kwashe rabinsa, wannan kuwa yana cikin wayar mutum hamsin da muryarka a kai.

Ina fata iyakar abin da ka faɗa ke nan. In a cikin fushin ka haɗa da "shege" ko ka taɓa mutuncin mahaifiyarsa ko iyalinsa da zargin alfasha, an bar ɓata suna an shiga ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nur ta faɗa, kuma Malikiyya suna tsayar da shi ko da habaici aka yi in manufar ta fito fili. Ka sake sauraren saƙon kafin wani ya kunna maka shi a kotu.

Gyaran ba shi da tsada. Ɓata suna laifi ne da ake sasantawa. Ka koma zauren da ka yi maganar ka janye ta, ka kuma nemi Liman ko wani dattijo ya raka ka ka ba shi haƙuri. Amma ka auna kalmominka: haƙuri kake bayarwa a kan kalmar "ɓarawo", ba a kan neman gonarku ba. Ka ce, "Alhaji, kalmar da na faɗa maka ban kyauta ba, na janye, ka yafe ni. Maganar jinginar gonar mahaifinmu kuma tana nan, za mu bi ta inda ya dace." A gaban mutum biyu. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a wata takardar sulhu, a ofishin 'yan sanda ko a ko'ina, sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka ita tun daga sama har ƙasa. Layi ɗaya da ke cewa "ba ni da sauran magana a kan gonar" ya isa ya rufe komai.

Daga nan ku sake gwada sulhu, wurin Hakimi ko ofishin Hisbah, da kuɗinku a hannu, a ƙirga a gaban jama'a ko da zai sake ƙi. Sarakunan gargajiya ba su da ikon yanke hukuncin da za a tilasta, amma abin da aka faɗa a gabansu ba ya ɓacewa. In an daidaita, a rubuta, da boko ko da ajami, shaidu su sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a waya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma rashin bin ta ne ya kawo ku nan. In bai yiwu ba, ka shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci da gonar ke yankinta. Da'awarka ta fito sarai: gona kaza, mai iyaka da wane da wane ta fuska huɗu, jingina a kan 80,000, ga kuɗin, muna neman fansa. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Kafin hukunci alƙali zai tambaye ka ko kana da sauran magana ko hujja, wannan shi ne i'izari, kada ka ce babu alhali akwai shaidan da bai zo ba. In hukunci bai yi maka ba, kwana 30 gare ka ka ɗaukaka ƙara, ka nemi kwafin shari'a nan take. A nan ka nemi lauya ya nuna maka ƙofar da za ka bi, domin tsarin mulki a sashe na 277 ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi, rikicin mallakar gona da bare kuwa Kotun Ƙoli ta ce ba hurumin ta ba ne. Mutane sun yi shekaru suna shari'a a kotun da ba ta da hurumi, aka rushe komai aka ce su koma farko. In ba ka da kuɗin lauya, hukumar gwamnatin tarayya da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta tana da ofis a Dutse.

Ko kun ci, in akwai shukarsa a gonar za a bar shi ya girbe, don haka ka yi ƙoƙari maganar ta ƙare da rani, kafin ya kai taki ya sake samun abin faɗa.

Abin da ya fi gaggawa kuwa ba kotu ba ne. Shekara 13 ta cinye mahaifinku, mai yiwuwa ta cinye wasu daga cikin waɗanda suka halarci jinginar. In akwai tsoho guda da ya rage, ko yana kwance ba ya iya zuwa kotu, shari'a ta yarda a ɗauko shaidarsa: ka je da maza biyu adalai waɗanda ba magada ba, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, ya ce musu "ku shaida a kan shaidata". Su biyun za su iya isar da ita gaban alƙali ko bayan ransa. Ka yi wannan a makon nan, kafin ka je wurin Hakimi, kafin ma ka je ba Alhaji haƙuri.